Farar Rigar Kujerar Lamba Tara

Lahadi, 5 ga wata, bayan la'asar

Gobe zan fara. Mako uku za su gwada ni a kan Lamba Tara, motar fasinjan da Maigida yake ja kafin ɓarin jikinsa ya shanye. In na ci, kujerar ta zama tawa, in na faɗi su ba wani. Manaja ya ce don darajar Maigida suka bar motar har yanzu ba direba na dindindin, amma kamfani ba zai yi ta jira ba. Yana faɗa yana kallon agogo.

Na daɗe ina koya wa mata tuƙi, lasin ɗin babbar mota kuwa tun kafin in haifi Auta nake da shi. Tuƙin bai dame ni ba. Kayan aikin ne suka ɓata mini rai. Riga fara, wando fari, kuma kowane direba ana ba shi farar rigar kujera. Ya shimfiɗa da safe, da yamma ya cire ya miƙa wa mai sito a gaban kowa, shi kuma ya ɗaga ta sama ya duba gaba da baya kamar mai sayen yadi. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, na rantse ko ƙanwa ba shi da ita.

Na gwada kayan na fito falo don Maigida ya gani. Yana kujerarsa ta bakin taga, hannun daman a kan cinya inda na ajiye masa shi. Ya dube ni sama da ƙasa, bakinsa ya motsa, na jira.

"Tara," ya ce.

Na ce e, Tara. Ya mayar da kansa ga taga.

Litinin, 6 ga wata, da magariba

Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ba tsayawa a hanya. Da wannan kamfanin yake taƙama, har a jikin motar an rubuta. Direban da ya tsaya ba tare da motar ta lalace ba, an rubuta masa laifi. Wanda ake gwadawa irina kuwa, laifi ɗaya ya isa a ce ya tafi gida.

Mai duba ni yana zama a kujerar da ke bayana. Siriri ne, ba ya fara'a, yana riƙe da biro mai dannawa. In na sa giya, ƙyas. In na taka birki, ƙyas. Na sa masa suna Mai Biro, kuma kafin mu isa na fara tunanin yadda biron zai yi kyau a tsakiyar titi.

Baba Kwandasta, wanda suka yi shekaru da Maigida a motar nan, da ya gan ni a kujerar sai idonsa ya kawo ruwa. "Uwar ɗakina, kulocin nan sai da lallashi. Maigidana ma haka yake bi da shi." Ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi. Kowa ya tambaya haka nake ce masa.

A can tashar banɗakin direbobi ɗaya ne, ƙofar ba sakata, ba kwandon shara, ga maza a benci daf da ƙofar suna shan shayi. Na shiga na tokare ƙofar da ƙafa. Daga gobe na daina shan ruwa da safe.

Laraba, 8 ga wata, da yamma

Na lissafa. Baƙon wata zai sauka farkon mako mai zuwa. Ni kuma nawa ba irin na mutane ba ne, kwana ukun farko duk awa biyu sai na canza auduga, wani lokaci ma ba ta kaiwa. Awa huɗu a kan farin ƙyalle, ga mota cike a bayana, ga Mai Biro. Fashi kuma babu shi a lokacin gwaji, ko na rana ɗaya.

Na biya ta wajen mai kemis ta bakin layinmu. Na jira kowa ya fita sannan na faɗa mata.

"Akwai na ɗaga shi," ta ce. "Sau uku a rana, a kan lokaci. Ki fara kwana uku kafin ranar da kike sa rai, kada kuma ki ja shi da nisa. Kina da hawan jini? Ciwon kai mai tsanani? Jini ya taɓa daskare miki a jijiya?"

Na ce a'a, a'a, a'a.

"Aikin zama kike yi?"

Na ce wa ba ya zama?

"Za ki iya ganin ɗan ɗigo, ko zuciya ta riƙa tashi, ko ƙirji ya yi nauyi. Kuma ba na hana ɗaukar ciki ba ne fa, kada ki dogara da shi."

Na yi dariya. Ba ta san abin da ya ba ni dariya ba, ni kuma ban faɗa mata ba.

"Da dai kin fara ganin likita."

Na ce to. Yaushe? Ranar da nake zaune likita ba ya zama.

Alhamis, 9 ga wata, da asuba

Na fara. 'Yar ƙwaya ce fara, ko ƙwayar shinkafa ta fi ta tsawo, wai ita za ta tsare mini kujera.

Asabar, 11 ga wata, da magariba

Ta safe ba matsala, ta dare ba matsala. Ta tsakiya ce take faɗowa ina kan hanyar dawowa. Jiya na ɓare ta da hannu ɗaya, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin totur. Yau na haɗiye ta ba ruwa, ta maƙale a maƙogwaro tana ɗaci har muka shigo gari.

"Malama, me kike sha a kan sitiyari?" in ji Mai Biro.

Na ce na ciwon kai ne. Ƙyas.

Ba ma ƙarya ba ce sosai, kan yana ciwo, ɓarin hagu, tun Juma'a. Shi ke nan, ta tsakiya sai mun sauka. Mai kemis ta ce a kan lokaci, to ta zo ta riƙe mini sitiyarin.

Lahadi, 12 ga wata, da hantsi

Na yi masa wanka da aski. Da na sunkuya zan ɗaga shi, kafaɗarsa ta bugi ƙirjina, sai da na ciji leɓe. Sun yi nauyi sun yi tsami kamar lokacin da nake goyon Auta.

Ina shara na kakkaɓe makullansa da ke rataye a ƙusa tun ranar da ciwon ya same shi. Na gida, na akwatin kayan gyara, sai wani ƙarami ruwan tagulla wanda ba ya buɗe komai a gidan nan. Na sani don na gwada, tun da daɗewa, har tsohon akwatin ƙarƙashin gado. Mutum yana kan hanya kullum, yana da makullin wata ƙofa da ba tawa ba. Ban taɓa tambaya ba. Yanzu ko na tambaya, a bakin wa zan ji amsa?

Bai tambaye ni komai a kan motar ba, ni ma ban ba shi labari ba. Ina ganin kamar zan fama masa ciwo.

Litinin, 13 ga wata, da magariba

Baƙon bai zo ba! Mai sito ya ɗaga rigar kujera, fara tas. Har gaishe shi na yi.

Talata, 14 ga wata, da magariba

Na yi saurin murna.

A can tasha, ƙafa ɗaya a jikin ƙofa, na duba na ga ɗigo. Ruwan ƙasa, bai fi farce ba. Na tsaya ina kallonsa, wani kuma yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa, "Malama, an yi barci ne?" Bai kai ga wandon waje ba, amma da ƙyar. Duk hanyar dawowa rabin zama na yi, ɗuwawu ɗaya a sama, har bayana ya riƙe.

To mene ne amfanin maganin? Na sha don kada in sa auduga, ga shi gobe sai na sa, in yini da ita a cikin zafin inji. Ga kuma shakkar salla. Wannan abin shi ne ko ba shi ba ne? Na yi wanka na yi, zuciyata ba ta kwanta ba. Da na bari kuma da ba ta kwanta ba. Wa zan tambaya ban tona wa kaina asiri ba? Yaya ma'aikaciyar jinya ce, in ta ji abin da nake sha sai ta cinye ni ɗanya.

Laraba, 15 ga wata, da magariba

Bel ɗin kujera ta kan ƙirji yake bi. Wanda ya ƙera shi ma ba shi da ƙanwa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji har cikin haƙorina. Ciki ya kumbura, maɓallin wando ya ƙi shiga, na ɗaure da zare. Ƙuraje sun fito mini a haɓa, ni da 'yata ta kusa gama sakandare. Zuciya tana tashi, warin man mota da na saba da shi tun ina amarya yau ya zame mini abokin gaba.

Kuma na yi abin da bai kamata ba. Wani mai babbar riga a kujera ta biyu tun da muka tashi yake koya mini tuƙi. "Ki rage." "Ki wuce shi mana." "Mata dai sai a hankali." Na haɗiye, na haɗiye, sai na ji bakina yana cewa, "Malam, in ka iya, ga kujerar. In ba ka iya ba, ka rufe mana baki."

Wata mata a baya ta tuntsire da dariya. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ni ba haka nake ba. Na koya wa matan da suke taka totur a madadin birki, ban taɓa ɗaga murya ba. Yanzu ko cokali ne ya faɗi sai in ji kamar in fasa gidan.

Alhamis, 16 ga wata, da magariba

Ɗigo.

Juma'a, 17 ga wata, da magariba

Da safe babu, da rana akwai, yanzu babu. Bai shigo ba, bai tafi ba, yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙe. Audugar ta goge mini cinya har ta yi ja. Na yi kuka a banɗaki saboda sabulu ya ƙare. Saboda sabulu!

Asabar, 18 ga wata, da magariba

Da safe ina sauri na bar katin maganin a kan tebur, kusa da nasa. Da na dawo na tarar ya jera nasa a gefe guda yadda yake yi da hannun hagu, nawa kuma yana ƙasa, can kusa da ƙofa. Ba faɗuwa ya yi ba, tebur ɗin ba kusa da ƙofa yake ba.

Na ɗauka na ce, "Nawa ne." Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba. Sai ya sa ƙafarsa mai lafiya ya riƙa tura kujerar, kaɗan-kaɗan, har ta juya ta fuskanci bango.

Ban da ƙarfin lallashi yau. Kaina kamar ana sara.

Lahadi, 19 ga wata, bayan azahar

Ya ƙi cin abinci a hannuna. Auta ta ba shi ya ci. Na kawo ruwan wanka ya kawar da kai. Na ce me na yi? Shiru. Na ce ka faɗa mana, ko kalma ɗaya, ai kana iya ɗaya. Shiru.

Sai na faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Auta ta ajiye kwano ta shige ɗaki.

Saboda wa nake wannan wahala? Saboda wa nake yini ba ruwa, nake tokare ƙofar banɗaki da ƙafa? Kujerarsa nake tsarewa, shi kuma ya ba ni baya. Na so in ce maganin ne ya yi maganar, amma bakina ne.

Litinin, 20 ga wata, da magariba

Sha-raɓar hagu tana ciwo, ƙafar kuloci. Takalmin ya matse. Baba Kwandasta ya ga ina ɗingishi, na ce tsufa ne. Ya ce, "Uwar ɗakina, tsufa ai ni ya kamata ya fara gaisarwa."

Saura kwana huɗu. Ɗigo ya ƙaru, yau ja ne. Kujerar Maigida har yanzu tana kallon bango.

Talata, 21 ga wata, bayan isha'i

Auta ce ta kira Yaya ba da sanina ba. Na dawo na tarar da ita a falo da jakarta a cinya. Ta dubi ƙafata, ta latsa, ta ce in kawo duk abin da nake sha. Na kawo. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ɗauko mayafinki."

An yi wa ƙafar hoto. Likita ta ce alhamdu lillahi babu gudan jini, jijiya ce ta gaji. Amma mace mai shekaruna da take yini a zaune, ba ta shan ruwa, ga ciwon kai ɓari guda, ba za ta bar ni in ci gaba ba. Ta ce ɗigon ba abin tsoro ba ne, yana faruwa, musamman da nake jinkirta ta tsakiya. In daina yau. Na ce saura kwana uku kacal. Ta ce, "Ƙafa kuma guda nawa gare ki?" Na tambaya yaushe zai zo in na daina. Ta ce bayan kwana biyu ko uku.

Juma'a ke nan. Ranar ƙarshe. Duk wannan azaba na sha don in ɗauke shi daga tsakiyar gwaji in ajiye shi a ranar da ta fi kowace.

Yaya ta adana faɗanta har muka dawo gida, sannan ta sauke mini shi a tsakiyar falo. "Ke yarinya ce? Maganin ɗaga al'ada, mako biyu, ba likita, ba ruwa, kina jan mota da rayukan mutane! Don kada farin ƙyalle ya ɓaci! In jini ya daskare miki a kan hanya fa? Gida ɗaya marasa lafiya biyu, wa zai ɗaga wani?"

Ina tsaye ina shan faɗa sai na ji ƙarar kujera a kan siminti. Kaɗan-kaɗan. Ya juyo. Yana kallon Yaya, bakinsa yana rawa.

"Na... mene?" ya ce.

"Na ɗaga al'ada, mijin ƙanwata. Don kada ta ɓata musu kujera. Me ka ɗauka?"

Ya sa hannun hagu ya rufe fuskarsa. Yaya ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta ce dare ya yi.

Laraba, 22 ga wata, da magariba

Sai a kan hanya yau na gama gane abin da ya ɗauka: na hana ɗaukar ciki. Ƙananan farare a kati, a ɓoye, mace tana yini cikin maza, shi kuma tun ranar nan... Na kusa sakin sitiyari don haushi. Ni? Ni da ko tsefe kaina ban samu lokacin yi ba?

Na dawo da niyyar in wanke shi tas. Na tarar ya ajiye mini kofin ruwa a kan tebur, rabi ya zube a hanya, sawun ruwan tun daga kicin har falo. Ban san yadda ya yi ya kai can ba. Na shanye. Na goge simintin.

Na ce masa maganar ranar Lahadi, ya yafe mini. Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa, wai laifin nasa ne.

Alhamis, 23 ga wata, bayan magariba

Mara ta fara murɗawa, baya ya riƙe. Gobe ne, ba makawa.

Na zauna kusa da shi ina ninke audugar da zan tafi da ita, karon farko na ba shi labarin komai. Awa huɗun, ƙofar da ba sakata, mai sito, Mai Biro. Da na kwaikwayi ƙyas ɗin, gefen bakinsa ya ɗaga. Ashe shi ma ya sha ta.

Sai ya nuna ƙusa. Na kawo makullan. Ya yi ta fama da yatsu har ya ware ƙaramin nan ruwan tagulla, ya tura mini shi. Gabana ya faɗi.

"Gada," ya ce. Ya huta. "Bayan... gada."

Na ce babbar gadar tsakiyar hanya? Ya gyaɗa kai.

"Gidan... mai. Ƙofa. Koriya." Gumi ya tsatso masa a goshi. Na ce ya bari ya huta, ya buge hannuna. "Bayi," ya ce. "Bayi ne."

Ashe na banɗaki ne. Na riƙe makullin ina kallo. Shekara da shekaru ina yi wa ƙofar nan zane a raina, har labule na sa mata.

Na ce in na tsaya ai laifi ne, kuma laifi ɗaya ya isa. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya. Ya ninke yatsuna a kan makullin.

Juma'a, 24 ga wata, da magariba

Ya zo tun asuba, kuma ya zo da fushin duk kwanakin da na tsare shi.

Kafin mu tashi na nuna wa Baba Kwandasta makullin. Ya kama baki. Ya ce mai gidan man ne ya ba Maigida shi tun wata rana da wata tsohuwa ta kasa riƙewa a cikin mota, ta sauka tana kuka. Daga ranar duk sanda ya ga mata da tsofaffi sun yi yawa sai ya tsaya a nan, a rubuta masa laifi, ya karɓa. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa mini ba? "Uwar ɗakina, shi ya riga ya kama aiki. Ke gwaji kike."

Na sa auduga biyu, na ce zan yi ta maza. Awa ɗaya lafiya. Cikin ta biyu na fara jin abin da kowace mace ta sani. Na matse, na gyara zama, muka faɗa wani rami, na san an gama. Ko na tsaya ko ban tsaya ba, ƙyallen nan ya riga ya tafi. Abin da ya rage shi ne ko zan yi sauran awa biyun a jiƙe har ya gangara ƙasa.

Muka hau gada. Muka sauka. Ga gidan man a hannun dama, kullum ina wuce shi ban taɓa kallonsa ba. Na sa sigina.

"Malama, nan ba tasha ba ce."

Na ce na sani.

Na ja birkin hannu na miƙe. Na ga kujerar, shi ma ya gani. Faɗin tafin hannu, ja wur a kan fari. Biron yana hannunsa, bai danna ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse, sai kuma haushi ya ture ta. Na juya ga fasinja na ce, "Minti biyar. Duk macen da ke da uzuri ta biyo ni."

Na ɗauka mutum biyu ko uku za su tashi. Kusan duka suka tashi. Wata mai goyo ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu. Wata dattijuwa ta dafa ni tana saukowa, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Tun jiya da la'asar rabona da ruwa saboda motar nan."

Ƙofar koriya ce, fentin ya koɗe. Makullin ya yi gardama kaɗan sannan ya juya. Akwai famfo, akwai bokiti, akwai sakata. Na daɗe ban ga abin da ya yi mini kyau kamar sakatar nan ba.

Minti biyar ya zama goma sha wani abu. Da na dawo Baba Kwandasta ya ninke rigar kujerar ya shimfiɗa mini tawul ɗinsa. Mai Biro yana rubutu.

Da yamma mai sito ya miƙo hannu, direbobi suna tsaye kamar kullum. Na riƙe ta a ninke a hammata na ce zan wanko da kaina. Ya ce ba haka ake yi ba. Mai Biro daga bayana ya ce, "Bar mata." Sannan ya ce da ni, "Na rubuta miki laifin tsayawa, Malama. Aikina ne. Manaja zai yanke hukunci ranar Litinin."

Na ce ya rubuta da kyau.

Na gaji. Marata kamar ana yanka. Amma kan ya daina ciwo, kuma na sha ruwa kofi uku.

Asabar, 25 ga wata, da hantsi

Na makara. Ƙarar famfo ce ta tashe ni. Na fito na tarar da shi a tsakar gida a kan 'yar kujera, Auta ta ce shi ya matsa sai da ta fito da shi. Ya take gefen rigar kujerar da ƙafa, yana cuɗa ɗaya gefen da hannun hagu. Sabulu yana ta suɓuce masa. Na ce ya kawo, ya hana. Na ce to ruwan sanyi ake sa wa, ba na zafi ba. Ya harare ni, wai shi zan koya wa.

Bai fita duka ba. Akwai 'yar alama a gefe.

Lahadi, 26 ga wata, bayan la'asar

Jira. Na goge kayan, ban san ko zan sake sa su ba.

Litinin, 27 ga wata, da magariba

Manaja ya kira ni ofis kafin a fara lodi. Ya ce Mai Biro ya rubuta cewa tuƙina ba abin cewa, bakina da taurin kaina ne sai a hankali. Ya miƙo mini takarda biyu. Ɗaya ta kama aiki a Lamba Tara. Ɗaya ta gargaɗi, saboda tsayawa a inda ba tasha ba. Ya ce in na sake zan sake samun irinta. Na ce na ji.

Na shimfiɗa rigar kujerar da alamarta. Mai sito da yamma ya ɗaga, ya gani, ya ninke.

Na dawo na tarar da kujerar Maigida tana kallon ƙofa. Na ɗora masa takardun a gwiwa. Ya dubi ta kama aikin, ya ture ta gefe. Ya ɗauki ta gargaɗin, ya kai ta kusa da ido, ya bi ta layi-layi har inda aka rubuta bayan gada. Kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, a karkace, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka kawo mini shi a kwance.

Ya ɗago ya dube ni.

"Direba," ya ce.